In Janye Sunana Daga Baftisma Har Sai Na Gyaru?

Wani saurayi mai koyon kanikanci a wajen Kakuri, nan Kaduna, ya aiko mini da tambaya. Yana cikin ajin baftisma tun ƙarshen damina, an kuma sa ranar yi musu baftisma a makon Ista, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya ce har yanzu yana komawa ga halayen da ya sha yi wa Allah alkawarin bari, musamman zafin rai da kallon abin da bai kamata ba a waya. Ya ce a shekarun baya, in maigidansa ya aike shi Panteka sayen kayan gyara, yakan ɗora wani abu a kan farashi ya zuba a aljihu, maigidan kuwa bai sani ba har yau. Akwai kuma wata laya da kakarsa ta ɗaura masa tun yana yaro. Ba ya sa ta, amma tana ƙasan akwatinsa, yana tsoron rabuwa da ita. Tambayarsa ita ce: ya janye sunansa ya jira wata shekara har ya gyaru, ko ya shiga ruwa yadda yake?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Na daɗe ina koyar da ajin baftisma, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda bai taɓa jin irin wannan nauyi ba. Kada ka janye sunanka, kada kuma ka shiga ruwa da abubuwan nan yadda suke a yau. Ka ƙunshe abu uku wuri ɗaya ka sa musu suna "ban gyaru ba", alhali ba irinsu ɗaya ba. Ɗaya yaƙi ne da za ka ci gaba da yi har tsufa. Sauran biyun kuwa suna hannunka, kana iya tashi ka yi wani abu a kansu cikin makon nan.

Bari mu fara da faɗuwar da kake yi. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 2. A ranar Fentikos, da wa'azin Bitrus ya soki mutane a zuci, suka tambaya me za su yi. Ya ce musu su tuba, a yi wa kowannensu baftisma cikin sunan Yesu Almasihu. Mutum wajen 3,000 aka yi wa a ranar nan. Yarin kurkukun Filibi, wanda da yamma shi ne ya sa ƙafafun Bulus da Sila a turu, a daren nan ya wanke musu raunukansu aka yi masa baftisma shi da mutanen gidansa. Shawulu, wato Bulus ɗin nan, kwana 3 kacal ya yi a Dimashƙu, makaho, ba ci ba sha, sai Hananiya ya zo ya ce masa jiran me yake yi, ya tashi a yi masa baftisma. A cikinsu duka babu wanda ya zo da shaidar cewa ya yi shekara bai yi fushi ba. Abin da suka zo da shi shi ne sun yarda su masu laifi ne, sun juya daga hanyar da suke kai, sun kama Yesu. Shi Yesu da bakinsa ya ce lafiyayyu ba ruwansu da likita sai marasa lafiya, kuma masu zunubi ya zo kira (Markus 2:17).

Kokawar da kake ji kuwa ba ta ƙarewa a bakin ruwa. Ga mutanen da aka riga aka yi wa baftisma Bulus ya rubuta cewa halin mutuntaka da Ruhu suna gaba da juna (Galatiyawa 5:17). Bitrus ɗin nan da ya yi wa'azin Fentikos, shekaru bayan haka a Antakiya tsoron mutane ya sa ya janye daga cin abinci da 'yan'uwa na al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, har Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. In da sai wanda ya daina faɗuwa ake yi wa baftisma, da majami'u duk sun zama kufai. Tambayar da ta kamace ka ita ce: in ka faɗi, me kake yi? Kana tashi ka koma wurin Ubangiji da baƙin ciki, ko ka riga ka shirya da abin, ka ba shi masauki, kana kare shi da hujjoji? Yadda ka rubuto ya nuna mini kana cikin yaƙi. Sai dai yaƙin baki kawai ba ya isa. Yesu ya yi magana mai zafi a kan ƙwaƙule idon da ke sa mutum tuntuɓe (Matiyu 5:29), ma'ana a datse hanyar tun daga nesa. Ka san lokacin da abin yake kama ka, ka san shafukan, ka san zaurukan WhatsApp da ake turo su. Fita daga cikinsu yau. Daina kwana da waya a gefen kai. Nemi namiji ɗaya mai tsoron Allah, wanda ya girme ka, ka gaya masa gaskiya ka ba shi izinin ya riƙa tambayarka. Zunubin ɓoye yakan rasa yawancin ƙarfinsa ranar da wani ya sani.

Wannan tunani na "bari in jira sai na gyaru" tsohon abu ne a ikilisiya. A ƙarni na 4 mutane da yawa sukan ɗaga baftisma har tsufa, wai don kada su ɓata ta da zunubi daga baya. Sarki Kwanstantin na Rum sai a gadon mutuwarsa aka yi masa, a shekarar 337. Agustin, ɗan Arewacin Afirka daga ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi rashin lafiya mai tsanani yana yaro har ya roƙi a yi masa baftisma, amma da ya sami sauƙi sai aka ɗaga, don ana ganin ƙuruciya na gabansa kuma zai yi ta ɓarna. Ya kuwa yi. Sai a Ista ta shekarar 387, yana da shekara 32, Bishop Ambros ya yi masa baftisma a birnin Milan, kuma daga baya ya nuna bai ga alherin jinkirin da aka yi masa ba. Manyan malaman zamanin, irin su Basil na Kaisariya da Giregori na Naziyanzu, sun yi wa'azi kai tsaye a kan masu jan ƙafa. Kuskuren da ke ƙarƙashin jinkirin shi ne zaton cewa jinƙan Allah sau ɗaya ake ɗiba, bayan an fito daga ruwa kuma mutum ya zama shi kaɗai da halinsa. Amma ga masu bi ne Yahaya ya rubuta cewa in mun bayyana zunubanmu, Allah mai aminci ne, mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu, kuma in wani ya yi zunubi muna da mai tsaya mana a gaban Uba (1 Yahaya 1:9 zuwa 2:1).

To in haka ne, don me ake tsare ku a aji wata da watanni? Don ruwa ba tare da tuba ba ba ya amfanar kowa, kuma Littafi ya ba mu misali. Siman mai sihiri a Samariya an yi masa baftisma, yana ta bin Filibus, amma da ya ga ikon Ruhu Mai Tsarki sai ya fito da kuɗi zai saya. Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba, ya tuba (Ayyukan Manzanni 8). Ka kuma lura cewa mutanen Fentikos sun riga sun san Attaura da annabawa, mutumin Habasha ma da Filibus ya yi wa baftisma a hanyar Gaza littafin Ishaya yake karantawa a cikin karusarsa. Da bishara ta shiga cikin masu bautar gumaka waɗanda ba su san komai ba, ikilisiya ta tsara lokacin koyo. Akwai wani tsohon tsarin ikilisiya na wajen ƙarni na 3, wanda ake jingina wa Hifolitus na Rum, da ya ce a yi shekara 3 ana jin Magana, amma ya ƙara da cewa in mutum mai himma ne, halinsa za a duba, ba tsawon lokaci ba. Tun a bakin ƙofa ana tambayar mutum sana'arsa, in sana'ar ta ɓata ce ya bar ta. In lokacin baftisma ya gabato kuma, a bincika ko ya girmama gwauraye, ko ya gaida marasa lafiya. A nan ƙasarmu ma dattawa suna ba da labari cewa a zamanin mishan mutum yakan daɗe a aji, a nan da yawa suka koyi karatu don su iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansu, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa a 1932.

Yanzu ga maganar kuɗin maigidanka, kuma a nan zan daɗe, don a nan ne tubanka zai nuna ko yana da ƙafa.

Lokacin da jama'a suka yi ta zuwa Kogin Urdun, Yahaya Mai Baftisma ya ce su ba da 'ya'yan da suka dace da tuba. Suka ce me za su yi. Karanta amsarsa a Luka 3:10-14. Mai riga biyu ya ba marar ko ɗaya, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka yanka. Sojoji kada su ƙwaci na kowa, kada su yi wa kowa ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Bai ce su ƙara kuka ba, bai ce su ƙara tsawon addu'a ba. Duk amsoshin sun taɓa aljihu da wurin aiki. Abin da ya gaya wa masu karɓar haraji kuwa kusan shi ne naka: ɗora ƙari a kan abin da aka yanka. Tun a Littafin Firistoci sura 6 Shari'a ta ce wanda ya ci amanar maƙwabcinsa ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, sannan ya kawo hadayarsa. Yesu ya bi wannan jeri: in ka kawo baikonka bakin bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, bar baikon a nan, je ka shirya da shi tukuna (Matiyu 5:23-24). Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya miƙe a gidansa ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki 4.

Na san abin da zuciya take faɗa a irin wannan wuri. Kowane yaron gareji yana yi. Maigida ba ya ba ka komai sai kuɗin abinci, wani lokaci ma babu. Ai guminka ne. Ban raina wahalar koyon sana'a ba, kuma in maigida ya danne maka haƙƙi, shi ma yana da amsar da zai bayar a gaban Allah, za a kuma iya tayar da wannan magana a lokacinta. Amma ya miƙa maka kuɗi bisa amana, ka dawo ka faɗa masa farashin da ba shi ne ba. Wannan ƙarya ce da sata, kai ma ka sani, shi ya sa abin ya hana ka barci bayan shekaru.

Ga yadda nake ba da shawara a yi. Zauna da biro da takarda ka yi lissafi gwargwadon abin da ka iya tunawa. Ba za ka samu adadin daidai ba, don haka in kana shakka tsakanin ƙarami da babba, ɗauki babban. Kai wa fastonka takardar tun kafin ranar da dattawa za su yi muku tambayoyi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Roƙe shi, ko shi ko wani dattijo mai nutsuwa, ya raka ka wurin maigidan. Wannan ba tsoro ba ne, tsari ne da ke cikin Littafi. Wani bawa mai suna Unisimas ya gudu daga gidan maigidansa Filimon, ya ba da gaskiya a hannun Bulus, Bulus kuwa bai ce masa abin da ya wuce ya wuce ba. Ya mayar da shi wurin maigidansa da wasiƙa a hannu, ya ce in ya cuce shi da wani abu ko yana binsa bashi, a ɗora a kansa, shi zai biya. Aikin ikilisiya ne ta tsaya kusa da mai tuba a ranar da ya fi jin kunya.

In kun je, ka zaɓi lokacin da babu sauran yara da masu mota a wurin, ko ma ku same shi a gida. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda ka saba, ka faɗi abin a fili: "Maigida, na ci amanarka. In ka aike ni sayen kaya nakan ƙara kuɗi. Ga abin da na lissafa, ga abin da na kawo yau, sauran zan riƙa biya duk wata. Ka yafe mini." Kada ka haɗa da "amma ai kai ma". Kada ka ambaci sunan sauran yaran, nasu yana wuyansu. In maigidan ba Kirista ba ne, kada ka mai da zaman wurin wa'azi. In ya tambaye ka abin da ya kawo ka, ka ce za a yi maka baftisma kuma Ubangijinka bai bar ka ka shiga ruwa da haƙƙin wani ba. Wannan ya isa. A gari irin Kaduna, inda Kirista da Musulmi suke aiki a gareji ɗaya suna kallon halin juna, irin wannan zuwa yana faɗin abin da lasifika ba ta iya faɗa.

Wasu za su ce maka ka zuba kuɗin a baiko kawai, Allah ya gani. Kada ka yarda. Kuɗin ba na ikilisiya ba ne, mai shi yana da rai, ka san ƙofar gidansa. Sai in mai haƙƙi ya rasu kuma ba a san magadansa ba ne ake neman wata hanya. Ba lallai ne kuma ka gama biya kafin ranar baftisma ba, don kai ɗan koyo ne, ba ka da shi a dunƙule. Abin da ake nema shi ne ka faɗi gaskiya, ka fara biya, ka tsaya a kan alkawari. Ba zan ɓoye maka ba, yana iya yin fushi. Yana iya cewa ka bar masa gareji tun bai yaye ka ba. Yawanci abin da nake gani shi ne mai sana'a ya san yaransa suna yi, abin da bai saba gani ba shi ne wanda ya dawo da kansa, kuma sau da yawa amana takan ƙaru daga nan. Amma ba alkawari nake yi maka ba. In ya kore ka, ikilisiyar da ta raka ka ita ce za ta tashi ta nema maka wani wurin, kuma ya kamata ka gaya wa fasto wannan tsoro tun da wuri.

Sai dai ka riƙe wannan da kyau, don kada ka fita daga wani rami ka faɗa wani: mayar da kuɗi ba ya sayen gafara. Yahuza Iskariyoti ya yi nadama, ya ce ya yi zunubi, har ya mayar da azurfa 30 ɗin. Amma wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, bai koma ga Yesu ba, ya tafi ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau 3, ya yi kuka mai zafi, ya zauna cikin 'yan'uwa har Yesu ya same shi a bakin teku ya mayar da shi bakin aiki. Bulus ya ce akwai baƙin ciki irin na Allah mai kai ga tuba da ceto, akwai kuma irin na duniya mai kai ga mutuwa (2 Korintiyawa 7:10). Ka dubi jerin labarin Zakka: Yesu ne ya fara kiransa daga kan itace ya shiga gidansa, daga baya hannunsa ya buɗe. Ta alheri aka cece mu, ta wurin bangaskiya, ba ta ayyuka ba. Za ka je wurin maigidanka ne don an riga an karɓe ka. Wani abu kuma, tunda masu tuba da zafi sukan wuce gona da iri: ba kowane zunubi ake kai wa kowa ba. Wanda ka cuta shi kake zuwa wurinsa. Mugun tunanin da ka yi a kan wani a zuciyarka, wanda bai sani ba kuma bai taɓa shi ba, tsakaninka da Allah ne, zuwa gaya masa sai ya haifar da ciwon da babu shi a da.

Maganar laya gajeriya ce. Tsoron da kake ji na rabuwa da ita shi ne shaidar cewa har yanzu tana da wuri a zuciyarka, ko da ba ka sa ta. A Afisa, waɗanda suka riga suka ba da gaskiya ne suka fito suna bayyana ayyukansu, masu sihiri suka tara littattafansu suka ƙone, aka lissafa kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:18-19). A Urushalima wajen shekarar 350, Bishop Siril yakan sa masu shiga baftisma su fuskanci yamma su ce sun ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, sannan su juyo gabas su furta bangaskiyarsu, kuma har yau Katolika da Angilikan suna yin wannan tambaya ta ƙin Shaiɗan kafin a zuba ruwa. Ɗauki layar ka kai wa fasto, ku yi addu'a, a ƙone ta. Ba sai an tara jama'a ba, ba sai an ɗauki bidiyo an sa a Facebook ba. Kada ka zagi kakarka, ƙauna ce ta sa ta ɗaura maka abin da ta sani. Almasihu ya riga ya tuɓe wa ikoki makamansu a kan gicciye (Kolosiyawa 2:15), babu abin da zai biyo ka.

Game da ruwan kansa, ina so ka san abin da kake shiga. Bulus ya ce a baftisma an binne mu tare da Almasihu cikin mutuwarsa, domin kamar yadda aka tashe shi, mu ma mu yi tafiya cikin sabon rai (Romawa 6:3-4). Bitrus ya ce ba wanke dauɗar jiki ba ce, roƙo ne ga Allah na lamiri mai kyau. Ana yin ta cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki bisa umarnin Yesu, tana kuma shigar da kai cikin jiki ɗaya da sauran masu bi. A nan Kaduna za ka ga ikilisiyoyi sun bambanta. ECWA da Baftis suna nutsar da wanda ya furta bangaskiya da bakinsa. Katolika da Angilikan suna yi wa jariran masu bi, su tabbatar da su in sun girma, manyan da suka shigo kuwa ana shirya su tukuna, a Katolika akan yi musu a daren Ista bayan azumin kwana 40. Ni a wajen masu nutsarwa na tashi, a nan nake koyarwa, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cewa babba ya shiga ruwa ba tuba. Kada kuma ka damu ko a kogi za a yi ko a kwarmin siminti na majami'a. Wani rubutu na farkon ikilisiya da ake kira Didake ya ce a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in ruwan bai isa ba a zuba a kai sau 3. Kada ka sa rai lallai sai jikinka ya yi rawa ko ka ga wahayi. Wasu sukan yi kuka, wasu ba sa jin komai sai sanyin ruwa, baftismarsu kuwa ɗaya ce, don ta tsaya ne a kan alkawarin Allah.

A makonnin da suka rage, karanta Bisharar Markus daga farko zuwa ƙarshe, sura 16 ce, sura ɗaya kowace safiya kafin ka fita gareji. Mai da Zabura 51 addu'arka, ita ce ta Dawuda bayan annabi Natan ya faɗa masa laifinsa ido da ido. Didake, tsohon rubutun nan da na ambata, ya ce mai shiga baftisma ya yi azumin kwana ɗaya ko biyu, mai yi masa ma ya yi. Al'ada ce mai kyau. Amma aikinka na ƙarfi ne, Ista kuma a tsakiyar zafi take faɗowa, saboda haka zaɓi ranar da ba ka aiki, ko ka yi zuwa azahar. In zafin ranka ya ɓata tsakaninka da wani a gida, uwa ko ƙane, je ka ba da haƙuri. Ka kuma gwada faɗin shaidarka da kalmominka, ba haddar aji ba: yadda kake a da, abin da Yesu ya yi maka, dalilin da ya sa kake son ruwan nan.

Ka shirya wa bayan baftisma kamar yadda kake shirya wa ranar. Yesu yana fitowa daga Urdun Ruhu ya kai shi jeji, aka gwada shi kwana 40. Da yawa sukan ɓace daga majami'a 'yan watanni bayan an yi musu, don sun ɗauka sun gama makaranta, ko don sun faɗi sau ɗaya kunya ta hana su dawowa. Mutanen Fentikos sun lizimci koyarwar manzanni, da zumunci, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. Shiga zumuntar matasa da gaske, kada ka riƙa ƙauracewa Jibin Ubangiji, kuma dattijon nan da ka ba izinin tambayarka ya ci gaba da tambaya bayan Ista.

Abin da ya rage shi ne ka bar hukuncin ranar a hannun waɗanda Allah ya ɗora wa kiwonka. Kai ba za ka janye sunanka da kanka don tsoro ba. Je wurin fasto cikin makon nan da takardar lissafi da layar, ka gaya masa dukan abin da ka gaya mini. In ya ga ka fara abin da ya kamata, mai yiwuwa ya ce ka shiga ruwa tare da 'yan ajinku. In shi da dattawa suka ga ya fi kyau a jira har ka gana da maigidanka, suka ce sai baftisma ta gaba, ka karɓa ba tare da ɓacin rai ba, ka roƙe su su sa maka rana takamaimai, ka ci gaba da zuwa aji har ranar.